Bangon Ɗakin Inna

Akwai wani mai gyaran wuta da ake kira Sarkin Waya. Ya iya aiki, amma girman kai ya yi masa katutu.

Da zai ja wa mahaifiyarsa wuta a sabon ɗakinta, wayar jan ƙarfe ta ƙare masa. Sai ya murɗa ta da guntuwar wayar alminiyon, ya naɗe da salatif, ya binne a bango.

Ƙanwarsa, malamar kimiyya, ta ce, "Yaya, kar ka haɗa su. Alminiyon na yin wata farar tsatsa idan iska ta taɓa shi, wuta ba ta ratsa ta da sauƙi. Mahaɗin zai riƙa zafi."

Ya yi dariya. "Ke dai alli kika sani. Kifi za ki koya wa iyo?"

Damina ta faɗi, abubuwa suka fara. Kyanwar gidan ta daina shiga ɗakin, sai ta tsaya a ƙofa ta ƙura wa bangon ido. Wani koren layi ya ɓullo a fulasta, yana gangarowa saitin gadon Inna. Ko an goge, sai ya dawo.

"Ɗan nan, bangon nan zazzaɓi yake," in ji Inna. "Da rana tsaka ina jin shi yana huci."

Ya dafa. Ɗumi kamar jikin mutum. Amma maimakon ya ɗauko guduma, sai ya sayo turare. Ya gwammace a ce asiri ne da a ce ƙanwarsa ta fi shi gaskiya.

Wata azahar Inna na barci, bangon ya kama da wuta. Maƙwabta suka fito da ita, hannayenta duk sun ƙone.

Da ya tone tokar, ya tsinci mahaɗin, fari da kore sun cinye shi. Ya gane murɗin hannunsa.

A asibiti Inna ta ɗaga hannayenta da aka naɗe, tana hawaye. "Duk wanda ya yi mini wannan, Allah ya isa. Ka ce amin, ɗan nan."

Ya buɗe baki, ya kasa.

Darasi: Gaskiya ko daga bakin ƙaraminka ta fito, karɓe ta tun kuskure yana gyaruwa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aikin wuta.