Ƙofar da Dakta Ya Hana a Fasa

Akwai wani likita mai bincike a wata jami'a da abokan aikinsa ke kira Sarkin Mukullai, amma fa a bayan idonsa. Tun kafin ya shawo kwanar baranda za ka ji mukullai na kaɗawa a aljihunsa, kowa ya gyara zama.

Mutumin ya san aikinsa, wannan ba a ja. Shekara da shekaru yana bin diddigin wani ciwon ƙoda da ke kayar da manoma majiya ƙarfi, ba wanda ya san musabbabinsa. Gona-gona ya bi yana roƙon mutane su ba shi jininsu, tun suna ƙalau har ciwon ya kwantar da wasu. Da yawa cikin na farkon sun riga mu gidan gaskiya. Jininsu kaɗai ya rage, cikin 'yan ƙananan kwalabe, a wani firji na musamman da sanyinsa ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. In jinin nan ya narke, ya tashi daga aiki.

Aibinsa ɗaya, bai yarda da kowa ba. Tun yana ɗalibi wani malaminsa ya wallafa aikinsa babu sunansa, shi ke nan ya ɗauki duk duniya ɓarayi. Ya sa aka yi wa ɗakin firjin ƙofar ƙarfe, firjin kansa ya datse da kwaɗo. Akwatunan kwalaben ma wasu alamomi ya zana musu da shi kaɗai ya san ma'anarsu.

Wata Asabar da rana yana garinsu, tafiyar rabin yini, ya kai wa mahaifiyarsa ziyara tare da matarsa. Ya kai loma baki ke nan waya ta yi ƙara. Maƙwabciyarsa ce a wurin aiki, wata likita mai binciken sauro da ɗalibai ke kira Anti. Ita ya fi zargi a duk ginin, don ta taɓa tambayarsa yadda aikinsa ke tafiya.

"Dakta, ƙararrawar firjinka na ta kuka. Na hau kujera na leƙa ta saman ƙofa, jar fitila ce ke ci. Ina jin injin ya mutu. Ka ba mu izini mu fasa."

Ya ture kwanon abincin. Amma ka san abin da ya fara zuwa masa a rai? Yaya aka yi ta san ana iya leƙawa ta saman ƙofar?

"Me ya kai ki wurin ranar Asabar?"

"Sauro ba su san Asabar ba, Dakta. Abinci na zo ba su."

"Kada wanda ya taɓa min ƙofa. Ga ni nan zuwa."

Ya miƙe yana laluben takalmi. Tsohuwa ta ji komai, ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, jinin nan na jikinka ne da kake ɓoyonsa haka? Bayin Allah sun ba ka don a samo magani, ka bari a cece shi mana."

"Inna, ba za ki gane ba."

"To, Allah Ya tsare hanya."

Ya fizgi mota kamar an koro shi. A ransa yana lissafin firji a rufe yana riƙe sanyi na ɗan lokaci, in ya taka da kyau zai cim masa. Ba su yi nisa ba suka tarar da tirela ta faɗi ta tare titi, motoci sun yi layi iya ganinka. Gaba ba hanya, baya an riga an toshe. Direbobi har sun kashe mota sun nemi inuwa.

Waya ta sake ƙara. "Dakta, lambar zafin da ke jikin firjin sai hawa take yi."

"Na ce ina hanya!"

Ya kashe. Zufa ta jiƙa masa riga, yana ta buga sitiyari da tafin hannu. Matarsa ta juyo.

"Abban yara, tsakaninka da Allah, wanne ya fi maka, matar nan ta ga aikinka, ko aikin ya mutu ba wanda ya gani?"

Wani manomi ya faɗo masa a rai, wanda ya miƙo hannu daga kan gadon asibiti yana cewa a ɗiba, ko shi bai amfana ba 'ya'yansa za su amfana. Duk da haka sai da Dakta ya ƙara ɓata lokaci yana leƙen ko layin zai motsa. Da ya ga ko tayar keke ba ta gusa ba, ya danna kiran Anti.

"Ku fasa."

"Mai walda na nan tsaye tun ɗazu," in ji Anti. "Kalmarka muke jira."

Mai waldan ya karɓi wayar. "Yallaɓai, ni na yi ƙofar nan fa. Cewa ka yi in yi wadda ko aljani ba zai shiga ba, kuma wallahi ban ha'ince ka ba. Sai ka yi haƙuri, za ta ɗau lokaci."

Haka Dakta ya zauna cikin mota, waya a kunne, yana jin injin yankan ƙarfe na cin ƙofar da ya yi alfahari da ita. Tunda yake bai taɓa addu'ar kayansa su yi rashin ƙwari ba sai ranar. Da ƙyar ƙofa ta faɗi, aka koma kan kwaɗon firji, shi ma sai da ya yi taurin kai irin na mai shi.

Sai ga muryar Anti tana haki. "Mun buɗe. Ba za su kwasu a tashi ɗaya ba. Wanne zan fara ɗauka? Ba na gane komai a jikin akwatunan nan, daga mai tauraro sai mai da'ira."

Nan Sarkin Mukullai ya buɗe baki. Sirrin da ko matarsa ba ta sani ba ya dinga zazzagowa da ƙarfi a tsakiyar titi, masu tallar ruwa na jinsa. "Mai da'ira na masu lafiya ne, bar su tukuna! Mai tauraro, su ne na farko, suna can sama. Don Allah fara da na sama!"

Wayar ta yi shiru.

"Anti? Kina jina?"

"Ina jinka. Ka dai taho a hankali."

Bayan an janye tirelar, sai da dare ya iso. Ya tsallake ƙofar da ke yashe a ƙasa, ya tarar da Anti zaune a baranda, yatsunta sun yi jawur saboda sanyi. Ta kai shi ɗakinta ta buɗe nata firjin. Ga akwatunansa a jere, cike fal.

"Naki kayan fa?"

"Na rarraba. Waya na yi wa mutanen hawa na sama da na ƙasa, kowa ya taso daga gida ya ba ni gurbi."

Kunya ta hana shi haɗa ido da ita. Ya shiga duba akwatunan ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na ƙarshe.

"Masu tauraron fa?"

Ta nuna masa wani tire a kan tebur. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya karkata ta, jinin ya gangara kamar ruwa.

"Na sama su suka fara narkewa," ta ce a hankali. "Ko da muka buɗe, sun riga sun saki."

"Da na ce ku fasa tun kiran farko fa?"

Anti ta sunkuyar da kai. Ba ta iya ƙarya ba, kuma ba ta son ƙara masa.

Dakta ya sulale ya zauna a ƙasa da kwalbar a hannu, ya fashe da kuka. Masu jinin nan duk suna kabari, ba inda zai je ya roƙi wani.

Darasi: Don mutum ɗaya ya taɓa cutarka, kada ka rufe ƙofa ga kowa, domin ranar da masifa ta zo, kariyar da ka yi wa kanka ita za ta tare masu ceto. Ilimi amana ce ta jama'a, kuma jinkirin girman kai yana jawo asarar da nadama ba ta mayarwa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan tun wayarsa ba ta yi ƙara ba.