Tasalla Ungozoma da Kawun Kurege

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka!"

To, ku matso. Wani ya janye itacen nan, hayaƙi yana shigar mini ido. Tun kafin in fara zan gaya muku, wani yanki na tatsuniyar nan ya kuɓuce mini. Akwai waƙa a cikinta, wadda ake rerawa ana tuƙi, da amshinta mai daɗi. Tun la'asar nake nemanta a kaina, ban same ta ba. Abin da ya rage shi zan ba ku.

An yi wata ungozoma, sunanta Tasalla, a wata ƙasa da ba a tafiya sai da jirgi. Tungayen ƙasar, wato ƙananan ƙauyukan masunta, kowace tana kan tudunta, ruwa ya kewaye ta. Tsakaninsu kuwa sai siraran hanyoyin ruwa da suka ratsa doguwar ciyawa, waɗansu ruwa ne ya yi su, waɗansu mutanen zamanin da ne suka haƙa. Ciyawar ta fi mutum tsawo ko yana tsaye a jirgi. Faɗin hanyar na jirgi ɗaya ne, biyu ba sa gittawa.

Saboda haka suna da ladabinsu. In ka zo bakin siririyar hanya, sai ka buga filafili a jikin jirgi, ƙwan, ƙwan, ka ce, "Wa ke ruwa?" In kun yi kiciɓis a tsakiya, wanda bai yi nisa da shiga ba shi ke ja da baya. Amma akwai biyu da kowa ke ja musu, ko ya kusa fita, ko Sarkin Ruwa ne da kansa: jirgin da ya ɗauko gawa, da jirgin da ke zuwa wurin mai naƙuda. Ba a gardama, ba a leƙa cikin jirgin.

A kan wannan Tasalla ta tsufa. Da ta ɗaga murya ta ce, "Haihuwa ce, a ba da ruwa!" sai hanya ta buɗe.

Ran nan aka kira ta wurin wata mata. Tana cikin ciyawa sai ta haɗu da Dorina, ta cika jirgi da itace.

"Haihuwa ce, a ba da ruwa!"

Dorina ta ce, "Ba na ja."

"'Yar'uwa, ni ce fa, Tasalla."

"Ko ke ce. Yanzu kowa da abin da yake kira. Na gaji da ja da baya da kaya har wuya, in fito in tarar kasuwa ta watse. Ni na fi kusa da fita, ke ki ja."

Tasalla ta yi magiya, Dorina ta kau da kai. Dole ta ja da baya, da baya, da baya, har bakin hanya. Ko da ta isa, matar ta galabaita. Jaririn ya fito shiru, sai da aka sha wuya kafin ya yi kuka.

Ta koma gida, aka kawo tuwo ba ta taɓa ba. Tana da 'ya guda, Yalwa, tana aure a Tungar Dinya, can ƙarshen fadama. Cikin Yalwa ya shiga watansa, haihuwar fari kuma. Daga nan zuwa can duk siraran hanyoyi ne. Tasalla ta ce a ranta, "In aka tare ni ran Yalwa kamar yadda aka tare ni yau fa?" Ta dubi filafilinta a jingine. Ta ce, "Wani ne ya ɓata ruwan nan. Sai na gano shi kafin ranar ta zo."

Gari na wayewa ta ɗaure zane a ƙugu ta shiga jirgi. Ta fara da Dorina.

"Sannu da ruwa."

"Sannu, Inna. Yaya baya?"

"Baya lafiya. Ba faɗa na zo ba. Wa kika ja wa baya har kika gaji?"

Dorina ta ce, "Kurege. Ran kasuwar Tungar Bado. Gawar kawunsa ya ɗauko. Amma da yamma na hango shi yana dawowa yana fito da baki."

Tasalla ta wuce. Ta shiga wata hanya da ba ta taɓa shiga ba, kainuwa ta rufe ta ruf, filafili ba ya motsi. Ta ajiye shi, ta riƙa kama ciyawa tana jan jirgi da hannu. Ciyawa ta yayyanke ta, ba ta tsaya ba. Ta ɓullo wani tafki, ta tarar da Kada yana dakon tukwane.

"Sannu da ruwa."

"Sannu, Inna. Yaya baya?"

"Baya lafiya. Wa ka ja wa baya kwanan nan?"

Kada ya ce, "Kurege. Ran kasuwar Tungar Giginya. Kawunsa ne ya rasu. Garin ja da baya ma tukwanena suka yi karo, waɗansu suka fashe."

Tasalla ta wuce. A nan ne ake rera waƙar, ina jin. To, babu ita, mu ci gaba. Ta bi wata hanya, ta ƙare a laka. Ta fito, ta bi wata, ta ƙare a jikin kututture. Ta sauka cikin ruwa har ƙirji ta tura jirgi, matsattsaku suka manne mata a ƙafa, ta ciccire su ta hau. Can inda ruwa ya rabu biyu ta tarar da Zalɓe, mai fito, wato ƙetare da matafiya a jirgi.

"Sannu da ruwa."

"Sannu, Inna. Yaya baya?"

"Baya lafiya. Wa ka ja wa baya?"

Zalɓe ya ce, "Kurege. Ran kasuwarmu. Kawunsa, Allah sarki."

Tasalla ta zauna a gindin jirgi ta gaya wa Zalɓe abin da ta ji da abin da ta sani. Ita ta san dangin Kurege kaf, don a hannunta aka haifi yawancinsu. Uwarsa ɗan'uwa ɗaya gare ta, kuma yana nan da ransa a bayan Tungar Giginya, yana cin gyaɗa.

Zalɓe ya ce, "In haka ne, Inna, mu tare shi mu yaye tabarmar da yake cewa gawa ce a ciki."

Ta ce, "A'a, ɗan nan. In muka yaye tasa yau, gobe za a yaye ta mai gaskiya. Ba a leƙa jirgin gawa. Amma akwai wani ladabin da kuka manta. A da, wanda ya ja wa gawa baya, in ba shi da uzuri, juyawa yake ya raka ta." Ta matso ta raɗa masa abin da zai yi.

Ran kasuwa da hantsi Tasalla ta shiga siririyar hanya, ta yi nisa, ta jira. Can sai ta ji ƙwan, ƙwan.

"Gawa ce, a ba da ruwa!"

Ta ja da baya, da baya, da baya, har bakin hanya, ta raɓe. Ga Kurege ya fito. A jirginsa ga wani dogon abu a naɗe cikin tabarma, an lulluɓe da farin ƙyalle, ƙudaje na bi. Yana kuka da ido ɗaya, ɗayan yana kallon rana.

Tasalla ta ce, "Ashsha. Wane ne, ɗan nan?"

"Kawuna ne, Inna."

"Sannu da haƙuri." Ta juya jirginta ta bi bayansa.

"Inna, ina za ki?"

"Rakiya."

"Haba, kada ki wahalar da kanki. Ga tsufa, ga rana."

"Wahalar me? Ka yi ta tuƙi, ina bayanka."

Duk jirgin da suka gamu da shi, in ya ja baya, sai Tasalla ta ce, "Kawun Kurege ne. Ku juyo mu raka shi." Mai kifi ya juyo. Mai gishiri ya juyo. Kada ya juyo da tukwanensa, Dorina ta juyo da itacenta. Kurege ya waiga, ya ga jirage a jere har inda ciyawa ta lanƙwashe.

Aka zo inda ruwa ya rabu, hagu kasuwa, dama tudun maƙabarta. Kurege ya karkata hagu. Dorina ta gitta jirginta a gabansa.

"Baƙin ciki ya ruɗa ka, ƙanena. Maƙabarta dama take."

"Zan ɗan biya in sayo turare ne."

Tasalla ta ce, "Ga turare a ƙullina."

"To, zan sanar da dangi."

"An tafi sanar da su."

Kurege ya bi dama. Ya so ya yi sauri, Tasalla ta ce, "A hankali, ɗan nan, ba a tsere da mamaci." Kowace tunga aka wuce sai an tsaya mata sun fito sun yi masa gaisuwa, shi kuwa dole ya amsa. Rana ta take. Daga nesa hayaniyar kasuwa ta tashi, ta cika, ta fara raguwa. Abin cikin tabarma ya soma bugawa.

Kada ya ɗaga hanci ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Ya ce, "Kurege, wannan kawun naka, yana yawan cin kifi ne?"

Kurege ya ce, "Masunci ne."

"Na ji alama," in ji Kada.

Aka isa tudu. Maza suka sauka suka haƙa kabari, dogo, daidai tabarma. Wani ya ce a kira liman. Tasalla ta ce, "Kada a taso Malam tukuna. Dangi ba su iso ba."

Sai ga jirgin Zalɓe ya danno ta cikin bado. A gabansa wani tsohon kurege na zaune, kumatunsa cike da gyaɗa. Ya sauko da sandarsa, ya dubi jama'a, ya dubi rami.

Ya ce, "An ce mini jana'izata ake yi, na ce bari in zo, kada a yi ba ni."

Kowa ya juya ya dubi Kurege.

Tsoho ya ce, "Kai, ɗan ƙanwata. Su ba su da ikon leƙawa, ni ina da shi, tunda ni ne a ciki. Buɗe in ga yadda na koma."

Kurege ya dubi ruwa, jirage sun tare. Ya dubi Tasalla, ta naɗe hannu tana kallonsa. Ya kwance igiya ya yaye tabarma. Sai ga ƙaton giwan ruwa, kifin nan mai tsawon mutum, ya kumbura, ido ya yi fari. Ashe da asuba yake sayensa wurin masunta, ya naɗe shi, ya yi ta kiran gawa don ya riga kowa isa kasuwa da ɗanyen kifi.

Tsoho ya ce, "To, ban san ina da ƙaya a baya ba."

Dorina ta yi gurnani ta taso. Kurege ya yi tsalle ya faɗa cikin kabarin, ya kama tono, ya yi ta tono, har ya ɓulla ta bayan tudu. Tun daga ranar a rami yake kwana, ba ya shiga jirgi. Kifin kuwa ya riga ya lalace, aka tura shi ramin aka rufe. Duk taron nan Kada ne kaɗai ya yi hawayen gaske.

Tasalla ta hau kan jirginta ta ce, "Kun gani da idonku. Mutum ɗaya ne ya yi ƙarya. Kiran bai yi ƙarya ba. Ku kai labarin duk inda ruwa ya kai ku."

Dorina ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki yafe ni."

"Na yafe. Amma ba ke kaɗai ke ruwa ba."

Ta koma gida hankalinta bai kwanta ba, don fadama na da faɗi, ba ta san iyakar inda labari zai kai ba.

Ba a jima ba, wata safiya ana yayyafi, aka aiko: Yalwa ta durƙusa. Tasalla ta suri ƙullinta ta faɗa jirgi. Ta wuce hanya ta fari, ba kowa. Ta wuce ta biyu, ba kowa. Ta shiga ta ƙarshe, wadda ta fi duka tsawo. Ba ta yi nisa ba sai ta ji ƙwan, ƙwan, a gabanta. Jirage ne masu nauyi, na fatake, sun kusa fita. Ciyawa ta kare su, ba ta ganin kowa.

Wata murya da ba ta sani ba ta ce, "Wa ke ruwa?"

Tasalla ta cika ƙirjinta da iska. "Haihuwa ce, a ba da ruwa!"

Shiru. Ba ka jin komai sai yayyafi a kan ciyawa. Ta riƙe filafili tana jira.

Sai muryar ta ce, "Ku ja baya!" Na bayansa ya ce, "Ku ja baya!" Na can baya ya karɓa, "Ku ja baya!" Ruwa ya motsa, ciyawa ta yi ta kaɗawa, hanya ta buɗe. Da ta zo giftawa a bakin fita, wani baƙo da ruwa ya jiƙe shi sharkaf ya ɗaga mata filafili ya ce, "Yi sauri, Inna. Allah ya raba lafiya."

Ta isa a kan kari. Yalwa ta haifi 'ya mace, ta fito da kuka har ana ji a tungar maƙwabta.

To, kun ji, yara. Hanyar da ake ba mai larura ta kowa ce. Wanda ya karɓe ta da ƙarya, ba mutum ɗaya ya cuta ba, ya tare ta ne ga wanda zai zo da gaskiya. Ku kuma in an taɓa yaudararku, ku nemo mai yaudarar, kada ku daina ba da hanya.

Ƙurunƙus, kan kifin da aka haƙa wa rami.

Abu ɗaya kawai zan ƙara. Da ina yaro ban yarda akwai kifin da za a naɗe a tabarma a ce mutum ne ba. Sai da na girma, yawon karatu ya kai ni bakin kogi a Yawuri, na tarar masunta sun jawo giwan ruwa kan gaɓa. Na roƙi wani matuƙin jirgi ya kwanta kusa da shi. Ya yi dariya ya kwanta. Tsawonsu ɗaya.