Ranar da Alhaji Zailani Ya Taya Tarar Asibiti

Ƙawata Hajiya Delu ta Kwarbai ce ta fara ba ni wannan labari. Ta zo duba ni da ciwon ƙafa, muna tsakar gida muna gyaran zogale, tana faɗa tana dariya har sai da ta ƙware. Na ce, "Delu, wannan kam sai na ba jikokina na shafin nan." Ta ce, "Ba su mana, Hajo. Ai shi ma mai abin da bakinsa yake bayarwa a majalisa." To ku gyara zama.

Akwai wani dattijo a Kwarbai cikin birnin Zariya, Alhaji Zailani, shi ne mijin Delun nan. Atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwar cikin gari tun yana saurayi. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake. Hali guda ne da shi: bai yarda akwai farashin da ba a tayawa ba. Ko maganin ciwon kai ya je saya a kemis, sai ya ce a yi masa ragi.

Babban ɗansa Umair yana karatu a Kanada. Matarsa Radiya tana nan gidan surukanta, yarinya mai haƙuri, ba ka jin muryarta. Aurensu ya daɗe Allah bai kawo haihuwa ba, kuma kun san bakin mutane ba ya hutu. Da Umair ya zo Babbar Sallah ya koma, sai ya dage wajen nema mata takardun tafiya ta same shi.

Komai ya kammala, saura abu ɗaya: a duba lafiyarta a wani asibiti a Abuja da masu ba da biza suka yarda da shi. An ba ta rana. An kuma ce akwai wa'adi, in ya wuce ba a duba ta ba, takardun sun mutu, sai a koma farko. Ita kuwa ta gaji da zaman aure ta waya.

Lokacin Delu tana Funtuwa wajen wankan jegon 'yarta. Alhaji ya ce, "Ni zan kai 'yata Radiya da kaina."

Suka ɗauki shatar mota bayan asuba. Tun daga Ƙofar Doka Radiya ta fara toshe hanci. Kafin su kai Jaji an tsaya mata ya fi a ƙirga, amai take yi kamar za ta fitar da hanjinta. Alhaji ya ga yarinya ta galabaita, ya ce wa direba ya juya gida.

Ba wanda ya kira asibitin ya ce ba za su zo ba. Alhaji cewa ya yi, "In ba ka ci kasuwa yau ba, gobe ma kasuwa ce."

Sai ga saƙo a wayar Radiya. Wai ta saɓa ranar da aka ba ta, sai ta biya tara kafin a sa mata wata.

Da aka karanta wa Alhaji, sai da ya miƙe tsaye. "Tara? Sun duba ta ne? Kayan da ban ɗauka ba, ban ma taɓa ba, shi zan biya?"

Umair ya kira ya ce, "Baba, ka bari in turo a biya kawai, lokaci na ƙurewa."

"Rufe min baki. Ku 'yan boko haka ake cinye ku, an faɗi farashi kun zaro. Zan je in gan su ido da ido."

Ita kuwa Radiya ta riga ta gane abin da ke jikinta. Mace ta san kanta. Amma wa za ta faɗa wa? Surukinta namiji, kuma cikin fari? Gara ƙasa ta tsage ta shige. Ta raɗa wa mijinta a waya, ya yi ta hamdala. Da ta ce ya sanar da Baba, sai ya ce, "Wa? Ni? Ki dai bari Inna ta dawo." Ga gemu, ga karatu har ƙasar waje, amma a nan ya zama ɗan Zariya sak.

Ranar komawa Abuja ta ƙunsa tsamiya a gefen hijabi, tana tsotsa a hankali, da haka ta iya zaman mota. A hanya Alhaji ya juyo ya yi mata kashedi.

"'Yar nan, ki ji ni da kyau. Kada ki kuskura ki ce rashin lafiya ce ta hana mu zuwa. Wurin duba lafiya ne. In suka ji kin yi amai za su rubuta ba ki da lafiya, tafiya ta fasu. Ki yi shiru, ki bar ni da su."

Ta ce, "To, Baba." Tsoro ya zo ya haɗu da kunya.

A asibitin suka tarar da wata matashiya a teburin karɓar baƙi, Bahaushiya, sunanta Asama'u. Ta gaishe da Alhaji da ladabi, ta duba kwamfuta, ta faɗi tarar.

Alhaji ya yi murmushin 'yan kasuwa ya gyara babbar riga. "To na ji na baki. Yanzu faɗi na gaskiya."

"Baba, shi ke nan na gaskiyar."

"Na taya rabi."

"Baba, ba a tayawa. Doka ce, ba ni na sa ba. Amma akan yafe in da uzuri. Rashin lafiya ce ta hana ku zuwa, ko rasuwa aka yi?"

"Subhanallahi! Ba wanda ya mutu. Ciwo kuma, dube ta, lafiyarta ƙalau, ta fi ki lafiya. Hanya ce ba kyau."

"Ayya, hanya ba ta cikin uzurin da ake karɓa."

"To taya ce ta fashe."

"Baba, yanzu ka ce hanya."

"Hanyar ce ta fasa tayar!"

Masu jiran layi suka fara ƙunshe dariya. Ran Alhaji ya ɓaci, ya buga tebur. "Ke yarinya, ba na ciniki da yaran shago. Kira min mai wurin. Iyayenki ba su koya miki yadda ake magana da manya ba ne?"

Maganar ta yi zafi, jikokina. Da wata ce, da an ji su har titi. Amma Asama'u sai ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ko babbanmu ya fito, abin da na faɗa zai faɗa."

Nan Alhaji ya ɗauko makaminsa na ƙarshe, wanda bai taɓa ba shi kunya a kasuwa ba. Ya sunkuya ya raɗa wa Radiya, "Zan yi kamar na tafi. Ke zauna nan. In sun ga da gaske nake, za su kira ni." Sannan ya ɗaga murya: "Shi ke nan, ku riƙe kayanku! Asibiti ai ba ku kaɗai ba ne."

Ya nufi ƙofa a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ya tsaya ya gyara hula. Shiru. Ya sunkuya ya gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Shiru. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, ba shiri ya fita. Ya isa bakin get ya tsaya cikin rana, kunnensa na baya.

Can ya ce wa maigadi, "Malam, ba ka ji an kira ni ba?"

Maigadi ya ce, "Wa zai kira ka, Alhaji?"

"Bari dai. Za su kira."

A ciki kuma, Radiya ta ga surukinta ya fita, ga wa'adi ya kusa, ga jiri na ɗibarta. Hawaye ya zubo mata. Asama'u tana iya kiran na gaba ta manta da su, don an zage ta a gaban mutane. Sai ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata teburin, ta ɗebo ruwa ta zo ta zauna kusa da ita.

"Yaya, sha ruwa." Ta ga tsamiyar da ke hannunta, ta dubi fuskarta, ta rage murya. "Baba ya fita, daga ni sai ke. Ranar nan, amai ne ya mayar da ku gida, ko?"

Radiya ta ja hijabi ta rufe fuska. Ta gyaɗa kai.

"Masha Allah! Na fari ne?"

Ta sake gyaɗa kai, ta ce cikin kuka, "Don Allah kada ki rubuta. Baba ya ce za a hana ni tafiya."

"Haba Yaya, ciki ai ba cuta ba ne. Ɓoyewar ce ma haɗari, don cikin gwajin akwai hoton ƙirji, dole likita ta sani tun kafin a kai ki can. Taso mu je."

Likita mace ce. Ta duba ta, ta tabbatar, ta yi mata barka. Ta ce wannan uzuri ne karɓaɓɓe, a cire tarar. Ta kuma ce gara da aka sani, don akwai yadda suke bi da mai juna biyu daban.

Asama'u da kanta ta fita har bakin get. "Baba! Baba Alhaji!"

Alhaji ya dubi maigadi yana washe baki. "Ka gani? Me na ce maka?" Ya juyo yana jan ƙafa kamar ba ya so. "To, nawa kuka sallama?"

"An yafe gaba ɗaya, Baba."

Sai murmushin ya ɗauke. Ɗan kasuwa ya san kayan da aka sallama kyauta akwai aibu a jiki. Ya ce, "Kin ce sai mai ciwo ake yafe wa. Me kuka gani a jikin 'yata?" "Ki faɗa min gaskiya. In ciwo ne, a bar Kanadar nan, a yi mata magani, ko rumfata ce in sayar."

Asama'u ta san ita ma ba za ta faɗi abin ƙiri-ƙiri ga dattijo ba. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Baba, babu aibu. Sai dai in kun koma Zariya, ka fara kiwon rago."

Alhaji ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya lalubi bencin maigadi ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Rago," in ji shi. "Yaron nan... Allahu Akbar." Hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Ya kama hannun maigadi yana girgizawa kamar shi ya yi masa albishir.

Da ya natsu ya ce, "'Yata, na ambaci iyayenki ɗazu. Wallahi sun yi tarbiyya, ni ne bakina ya yi kuskure. Ki yafe min."

"Ba komai, Baba, ai kai uba ne."

Ya zura hannu a aljihu. "Tarar nan zan biya. Duka. Har da ƙari."

"An riga an cire, Baba."

"To ninki biyu."

Asama'u ta ce, "Albarka."

Maigadi ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Alhaji ya ce tunda yake bai taɓa tayawa sama aka ƙi sallama masa ba sai ranar. Kuɗin dai bai koma aljihu ba, abinci ya sa aka sayo wa masu gadi da masu shara.

An yi wa Radiya abin da ya kamata a ranar. A hanyar dawowa ba wanda ya iya kallon wani, ita fuskarta a hijabi, shi idonsa a kan titi. Amma duk ramin da direba ya faɗa sai Alhaji ya ce, "Kai, a hankali! Buhun masara ka ɗauko?" Suna isa gida ya kira Delu ya ce, "Ki gama ki dawo, akwai wani aikin a gabanki." Ta gane, ta rangaɗa guɗa a cikin wayar har sai da ya janye ta daga kunne.

Takardu sun fito cikin wa'adi, Radiya ta tafi wajen mijinta. Can ta sauka lafiya, aka sami mace, Ibtisam. A Kwarbai aka yanka ragon, kuma Delu ta rantse min shi kaɗai ne abin da Alhaji ya taɓa saya bai nemi ragi ba.

Ni kuwa da Delu ta tafi, sai na yi ta tunanin Nana, matar jikana Haidar, da ke gidan nan. Kwana biyu ba ta cin abinci sosai, in na tambaya ta ce ba komai. Washegari da safe na shiga ɗakinta na turo ƙofa, na ce, "Nana, daga ni sai ke. Me kike ɓoyewa?" Ta yi ta murza zani, can ta ce haƙori ne ke hana ta barci, kunya ta hana ta faɗa kada a ce ta cika raki. Na so a ce rago ne, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Ɗauko mayafinki." Na tari Keke Napep da kaina, ƙafar tawa na ciwo, na kai ta aka cire shi.

Darasi: Abin da faɗa da dabara suka kasa buɗewa, gaskiya da tattausan harshe sun buɗe shi. Manya, kunyar yaranmu ado ce, amma ku ja su gefe ku tambaye su a hankali, kada ta cuce su. Ku kuma masu aiki a tebur, in an ɗaga muku murya ku yi irin haƙurin Asama'u, ba ku san abin da ke bayan fushin mutum ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai suruka a gida.