Tsakuwar Da Ba A Ajiye A Katangar Bassu Ba

An yi wani mutum a nan ƙauyenmu, ba zan kama sunansa ba. Da yawanku kun san shi. Waɗanda ba su san shi ba, sunan ba zai ƙara musu komai ba.

Ya 'yan uwa, ni alfadari nake kora, ba malami ba ne. Liman Si Tayyib ne ya ce in miƙe in ba da wannan labari, tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tsaunuka kuma samari sun fara ɗaure jakunkuna.

Mutumin nan ya san tsauni. Da rani yakan yi wa baƙi masu hawan tsaunukan Atlas jagora, a wurinsu ya koyi haɗa jaka. Mu mun gaji ɗaukar bargo mai nauyi da tulin gurasa, shi kuwa jakarsa ba ta fi ta ɗan makaranta ba. Amma in ya zazzage ta sai ka riƙe baki. Ashanarsa, ya tsoma kawunanta cikin narkakken kyandir don kada laima ta kashe ta. Akwai guntun kyandir a cikin gwangwanin kifi, da busasshiyar safar ulu a ƙulle cikin leda, da dabino, da wani mayafi mai sheƙi da ke ninkuwa ya shiga aljihu, wanda ya ce yana mayar wa mutum da ɗumin jikinsa. A wuyansa kuma kullum akwai usur mai tsananin ƙara.

In ana shan shayi a shago samari kan tsokane shi. Wani ya taɓa ce masa, "Malam, duba da kyau, ƙila har amarya tana naɗe a jakar nan."

Ya ce, "Amarya surutu gare ta. Jaka ba ta tambayata ina za ni."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ƙara da cewa wanda ya iya haɗa jaka ba ya buƙatar kowa a duniya, ko tsauni ya rufe da shi zai kwana ya tashi lafiya.

Ku fahimce ni, jakar ba ta da laifi. Ni ma irinta nake ɗauka yanzu, kuma ina roƙon kowane saurayi ya haɗa tasa. Laifin yana wani wuri dabam.

Yana da wa, Bassu, mai gidan ƙarshe kafin hanya ta fara hawa zuwa mashiga, wato ratar da ake bi a tsallaka tsauni zuwa ɗaya kwarin. Kun san katangar gidan. Duk mai hawa yakan tsaya ya yi sallama, ya faɗi inda za shi, ya ɗora tsakuwa a kanta. In ya dawo ya ɗauke abarsa. In ya tsallaka ɗaya kwarin ya bugo waya, Tuda matar Bassu ta ɗauke masa. In magariba ta yi da sauran tsakuwa a katanga, maza su ɗauki igiya da fitila su hau. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi.

Bayan rasuwar mahaifinsu aka raba musu gonar tuffa, amma kwatar da ke ba ta ruwa ɗaya ce, kowa da lokacinsa. Wani rani Bassu ya juya ruwan zuwa nasa ɓangaren alhali lokacin ƙanensa bai cika ba. Ya ce kuskure ne. Ƙanen ya ce ganganci ne. Bassu ya ɗauki dunƙulen sukari ya je ba da haƙuri, kamar yadda ake yi. Mutumin nan ya karɓa, ya ajiye masa shi a tsakiyar hanya mutane suna kallo, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake tsayawa a ƙofar Bassu ba.

Daga nan abin ya yi ta ci gaba. Ya daina gaida Tuda, ita da ta riƙe shi tun yana ƙarami bayan mahaifiyarsu ta rasu. Dattawa suka je sulhu, ya ce an haɗa baki da su. Ya daina zuwa jam'i don kada kafaɗarsa ta haɗu da ta wansa a sahu. Daga baya har shagon shayi ya bari. In ka bi ta gidansa ƙofa a rufe take, yana ciki ko ba ya ciki. A hankali muka daina ƙwanƙwasawa. Mutum yana raye a tsakiyar gari, amma ba mai cewa yau ban ga wane ba.

Wata safiya cikin hunturu gari ya waye garau, ba ko ɗigon gajimare. Ya goya jakarsa zai tsallaka mashiga, don wani mutum a ɗaya kwarin ya yi masa maganar alfadari. Ranar tun da sassafe Tuda tana ƙofar gida tana gasa gurasa, ba ta gan shi ba. Ke nan ta bayan gidan ya zagaya, ta cikin gonar, ya haura. Ya gwammace ya bi ta ƙaya da ya yi sallama.

Bayan azahar iska ta juya. Sama ta rufe, ƙanƙara ta soma zuba har ba ka ganin gidan maƙwabcinka. Masu itace da suka hau da safe duk suka sauko a guje, kowa ya ɗauke tsakuwarsa. Da magariba Bassu ya fito ya shafa katanga daga wannan ƙarshe zuwa wancan, bai taɓa komai ba. Ya yi hamdala ya rufe ƙofa.

Washegari da hantsi ƙanƙarar ta ɗan tsagaita. Tuda ta fito kai wa saniya harawa, sai ta tsaya cak. Ta kira mijinta ta ce, "Maigida, saurara. Kamar usur nake ji daga sama."

Bassu ya kasa kunne. Maƙwabcinsu Haddu, da ke share rufin ɗakinsa, shi ma ya sauko. Can sai ga ƙarar, siririya, ta zo ta ɗauke. Suka nufi katanga, suka share ta da hannun riga. Ba tsakuwa.

Haddu ya ce, "Iska ce a kogon dutse. Ko kuwa tsufa ya fara shiga kunnenki, Tuda."

Ta ce, "Kai ne za ka yi maganar kunne? Kai da sai matarka ta jefe ka da takalmi kake jin kiran asuba."

Suka yi dariya. Amma ita ba ta koma ciki ba. Ta ce da mijinta a gari duka mutum ɗaya ta sani mai usur, ya daure ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙanensa. Bassu ya dubi gidan daga nesa. A rufe yake, kamar jiya, kamar bara. Ya ce ba zai je a sake wulaƙanta shi a gaban jama'a ba. Ya ce duk da taurin kansa, yaron nan ɗan garin nan ne, ba zai hau tsauni cikin hunturu bai ajiye tsakuwa ba, ko da dare ne zai lallaɓo ya ajiye. Haddu ya goyi bayansa, ya ce ba a tura maza kan gangaren da ƙanƙara ke iya zaftarewa saboda kukan iska, katangar nan kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.

Wajen tsakar rana Tuda ta sake ji. Sai sama ta sake rufewa. Bayan nan ba wanda ya ƙara jin komai.

Da hanya ta buɗe, mai alfadarin ya tsallako da kansa yana tambayar abin da ya hana mutumin zuwa. Aka ɓalle ƙofar gidan mutumin, ba kowa, ba jaka. Maza suka hau, har da Bassu, ni ma ina cikinsu.

Ba mu yi nisa ba, ya 'yan uwa, muka tarar da gawarsa. Ko rabin hanyar mashiga bai kai ba. Ya zame ya karye a ƙafa, ya ja jiki zuwa ƙarƙashin wani dutse. Duk abin da ya kamata ya yi, ya yi. Ya jera duwatsu ta ɓangaren iska. Ya karyo rassa ya zauna a kai don kada ƙasa ta tsotse masa ɗumi. Ya sauya safa, ya naɗe da mayafin nan mai sheƙi. Kyandir ya ƙone har gindin gwangwani. Dabino ba saura, sai ƙwallaye a gefe. Jakar ta yi aikinta, ta riƙe shi fiye da dare ɗaya. Usur ɗin yana cikin hannunsa.

Na tsuguna a inda yake zaune na duba ƙasa. Daga nan ana hango rufin gidan Bassu sarai, har hayaƙin tanderun Tuda.

Me yake tunani yana kallon hayaƙin nan? Ya kira sunan wansa? Ya tuna sukarin da ya ajiye a hanya? Allah kaɗai ya sani. Shi kaɗai ne a wurin, kamar yadda ya zaɓa.

Bassu bai yi kuka ba. Ya cire jallabiyarsa ya rufe shi, ya sunkuya ya ce, "Na ji ka, ƙanena. Wallahi na ji ka."

Ya 'yan uwa, jaka tana jinkirta mutuwa ne kawai har a zo. In ba mai zuwa, sai dai ta tsawaita jira. Girman kai da yanke zumunci su suka hallaka mutumin nan, sanyi ƙarasawa ya yi. Kun san abin da addininmu ya ce a kan mai ƙaurace wa ɗan'uwansa. Shi ma Bassu, da ya haɗiye kunyarsa ya taka zuwa waccan ƙofa, da labarin ya sauya. Har yau in iska ta yi kuka yakan bar abinci ya fito waje ya tsaya, ba mai iya mayar da shi ciki.

Wa kake zagaye gidansa don kada ku haɗu? Ƙofar wa ka daina ƙwanƙwasawa har ka saba da ganinta a rufe? Ka je yau kafin ka kai gida. In ya kore ka, ka koma gobe.

Allah ya gafarta wa wanda ya tafi, ya sanyaya zuciyar wanda ya rage. Allah kada ya sa mu yi kira a rasa mai amsawa, kada kuma a kira mu mu ce iska ce. Allah ya kiyaye mu. Amin.