Matar da Ta Ba Kada Waƙar Kiran Maharba

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata mata mai suna Mawani a ƙasar Kulina, can bayan teku, cikin kurmin da ganye ke hana rana taɓa ƙasa. A al'adarsu, da asuba mata ke bin gidaje, suna buga ginshiƙi da sanda, suna waƙar a tafi farauta. Da yamma kuma a yi waƙar kira da harshen Kulina, maharba su bi murya su fito, don wanda ya shiga kurmin nan ba ya gane gabas. Mawani kaɗai ta rage mai riƙe da waƙoƙin. In an ce ta koya wa yara, kullum sai ta ce gobe.

Ashe Kada na kwance a kogi yana saurare. Ya taso da gishiri, ya ce waƙa ɗaya tak yake so, ta tashin asuba. Ta ba shi. To, waƙar da aka ba Kada ta bar bakin mai ita ke nan. Ya dawo da tukunyar ƙarfe, waƙa ɗaya tak, ya karɓe ta rarrashin jariri. Ku daina dariya, ku da ake saye da ƙuli-ƙuli.

Ranar da ɗanta Doho ya shiga kurmi, zazzaɓi ya kwantar da 'yarta Zuwi. Sai ga Kada da magani.

"Waƙa ɗaya tak," in ji shi, "ta kira."

"Ɗana yana kurmi."

"'Yarki kuma ba za ta kai yamma ba."

Mawani ta taɓa goshin yarinya, ta ji kamar garwashi. Ta rera waƙar tana kuka, ta karɓi magani. Zuwi ta sha, ta tashi.

Da yamma Mawani ta tsaya bakin kurmi, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta kira sunan Doho har muryarta ta dushe, kurmi ya haɗiye. Can sai waƙar ta taso daga kogi, daga bakin Kada, da muryarta sak. Doho ya ji, ya ce, "Inna ce," ya bi. Mawani ta ruga tana ihu kar ya je, amma waƙar ta fi ihunta ƙarfi. Bakansa na farauta kawai ta tarar a gaɓa.

Ni dai har yau tausayinta nake ji. Abin da iyaye suka sa muku a baki, ku zuba shi a bakin ƙannenku tun mai saye bai zo ba.

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya, bakin kogi.