Ƙararrawar Ɗaliban Malam Ɓarna

Akwai wani malamin kimiyya da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Ɓarna. Ba don mugunta ba. Wata uku yana koya musu haɗa ƙararrawar da ke kuka idan tankin ruwa ya cika. Duk ranar da suka haɗa ta yi aiki, sai ya ce su juya baya, ya zare waya ɗaya ko ya juya batir, ya koma ya harɗe hannu.

"To, injiniyoyi, na ɓata. Ku nemo."

Tun suna ƙunƙuni har abin ya zame musu wasa. Akwai wata yarinya da ake ce wa Ƴar Tambaya, ita ce ta ƙone yatsa sau biyu wajen narka dalma, amma ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba.

Ana saura kwana uku gasar makarantu, Shugaban makaranta ya leƙo ɗakin da suke gwaje-gwajen. Ya ga ƙararrawar a cikin kwalin sabulu, wayoyi sun yi cirko-cirko. Ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar ya tsinci ƙazanta.

"Wannan tarkacen za ku kai gaban manya? Ku kunyata ni?"

Jama'a, a gaban yaran ya faɗi haka! Washegari ya sayo wata a shago, mai ƙyalli, ya ce a ce su suka yi.

"Ranka ya daɗe, ba zan koya musu ƙarya ba," in ji malamin.

"To ba za ka je ba. Ba ni makulli. Dama sito nake nema, ɗakin nan ya gama aiki."

Wallahi abin da ciwo. Mutum ya ba yara wata uku na rayuwarsa, a kore shi saboda kwali bai yi kyau ba.

Ranar gasa, Shugaba ya sha babbar riga ya tsaya bayan tebur yana washe baki. Alƙaliyar gasar wata dattijuwar injiniya ce. Ta kwance murfin na'urar mai ƙyalli, ta ce yaran su juya baya, ta zare waya ɗaya.

"Ku gyara."

Yaran suka tsaya suna kallon na'urar. Ba su taɓa ganin cikinta ba. Shugaba ya shiga share gumi yana raɗa musu, "Ku taɓa wani abu mana!"

Ƴar Tambaya ta ɗaga hannu.

"Mama, wannan ba tamu ba ce. Tamu tana cikin jakata."

Ta fito da kwalin sabulun. Wasu suka yi dariya, dattijuwar ba ta yi ba. Ta sa suka sake juya baya, ta ɓata wuri biyu a maimakon ɗaya.

Yaran suka haɗa kai, suka bi waya ɗaya bayan ɗaya daga batir. Kafin minti huɗu, yarinyar ta tsoma bakin wayoyin a kofin ruwa. Ƙararrawa ta tsala ihu, zauren ya ɗauki tafi.

"Wa ya koya muku bin waya haka?"

"Malaminmu. An hana shi zuwa."

Dattijuwar ta cire tabarau ta dubi Shugaba. Ta tura masa na'urar shagon.

"Tunda kai ka zo, bisimilla, gyara taka."

Ko inda batir yake bai sani ba.

Na biyu suka zo, ba na ɗaya ba. Amma washegari Shugaba da ƙafarsa ya kai makullin. Malam Ɓarna ya buɗe ɗakin, ya karɓi kwalin sabulun ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "To, ku juya baya."

Darasi: Abin da yaro ya haɗa da hannunsa, ko ya yi muni, ya fi abin ƙyalli da aka saya masa. Kada ka raina ƙoƙarin ɗalibi, kuma kada ka koya masa ƙarya don kare girmanka. Ku tura wa iyaye da malamai, akwai masu buƙatar jin wannan.