Tsattsewar Ƙofar Sito

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, mai zuhudu da yawan shiru, wanda ba a taɓa ganin ya kori ko kaza da tsawa ba. Daga cikin karamominsa akwai wadda ta faru a Guangzhou ta ƙasar Sin, shekarar da Hausawan can suka naɗa almajirinsa Alhaji Abdulbaƙi shugabansu, shi kuwa ya ɗauko Shehi tun daga Kano domin ya sa wa shugabancin albarka.

Alhaji mutum ne mai zafin kai, kuma a lokacin takalman Sallah na jama'arsa duka suna jibge a wani sito kusa da titin Zhanxi Lu, jirgin ruwa zai tashi ranar Juma'a. Sai ga tsattsewa ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe daidai inda babbar ƙofar ƙarfe take naɗewa, ta yadda in aka ɗaga ta don motar kwantena ta shiga, 'ya'yan sun niƙe. Shehi ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "A bar ƙofar nan tukuna."

Tukuna! Alhaji ya ji kamar ya kurma ihu. Ya kawo malami ya yi masa addu'a, malami ya zama mai gadin tsuntsu. Ya nufi tsohon ɗan Sin mai siton ko akwai wata ƙofa, tsoho ya ce, "Meyo," wato babu. Tsohon bai tsaya nan ba, sai da ya sa Kallamu, wani mutumin Maradi mai jin yarensu, ya fassara masa cewa a tsoffin littattafansu da tsuntsaye ake gane mulki, in sarki adali ne sukan yi sheƙa ƙasa-ƙasa, har yaro ya leƙa ba su firgita ba.

"Kallamu, don Allah ce masa takalma nake sayarwa, ba sarautar Sin nake nema ba!"

Kwanaki suka yi ta tafiya, 'yan kasuwa suna masa sintiri, wannan ya ce jarinsa ke nan kaf, wancan ya ce da ya sani bai zaɓe shi ba. Shehi kuwa yana kan buzunsa da tsoho suna shan shayi, ba mai jin yaren wani.

Da hantsin Alhamis haƙurin Alhaji ya ƙare. Ya ɗauki gora ya hau kan kwali, ya ɗaga zai kaɓo sheƙar. Sai 'ya'yan, ko gashin kirki ba su yi ba, suka wage baki gare shi, sun zaci abinci ya kawo. Ya jefar da gorar yana huci, ya ce, "Bari jirgin ya tafi! Ni zan tsaya gaban mutane, su zage ni."

A nan Shehi ya miƙe, ya tsaya ƙarƙashin sheƙar, ya motsa leɓɓansa, ya ce a hankali, "Baiwar Allah, an tausaya miki, ke ma ki tausaya." Wallahi, a gaban Kallamu da tsoho, 'ya'yan nan da ba su isa tashi ba suka bi uwarsu ɗaya bayan ɗaya suka fice. Aka ɗaga ƙofa, kaya suka samu jirgi.

Alhaji, hawaye na zuba, haushi bai gama sakinsa ba, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe tun ranar farko ana iya wannan, aka bar ni ina neman haukacewa?"

Shehi ya ce, "Ai ba su nake jira ba, Abdulbaƙi."

Tsarki ya tabbata ga Mai jiɓintar bayinSa salihai. Allah Ya ɗaukaka darajar Shehinmu, Ya sanya mu cikin albarkarsa, Ya tausasa zukatan waɗanda ke riƙe da mu. Amin.